Ranar da Kek Ya Yi Zufa

"Rabin firiza, kwana biyar," in ji Baba Mai Kek. "Kuma kada wani mahaluƙi ya ji."

Mai ƙanƙara ya goge hannu a gaban rigarsa yana murmushin mugunta. "Firiza ba wuya, Baba, bakin ne mai tsada. Ba kai ka ce kek ɗin firiza gawa ne ba?"

"Faɗi abin da kake so, ina da aiki."

"Tiren kek guda duk Asabar, na yara, har ƙarshen shekara."

"Ɓarawo."

"Na ji. A shigo da gawarwakin ta ƙofar baya."

Suka tafa, Baba ya fita yana waige-waige kamar wanda ya saci akuya.

Shekara talatin yana gasa kek a layin nan, kuma abin alfaharinsa guda ne: abin da ka saya a hannunsa, yau ya fito daga tanda. Bara ne autarsa, wadda ya koya wa sana'ar tun tana tsayawa a kan kujera kafin ta kai tebur, ta zo masa da dabara. A gasa tun da wuri, a naɗe a leda, a sa a firiza, ranar buƙata a fito da shi a yi masa kwalliya. A gaban masu saye ya wanke ta tas, ya ce shi mai tanda ne, ba mai gadin mutuware ba. Aka yi ta dariya. Bayan wata guda ta buɗe nata ɗan shago a tsallaken titi. Kullum da safe takan zo ta durƙusa ta gaishe shi, amma kalmar kek ba ta sake haɗa su ba.

Sai ga shugabar makaranta da aiki: ƙananan kek na kofin takarda ɗari uku, da curin kek mai cakulan ɗari biyu, ranar Alhamis ƙarfe goma, domin bikin raba kyaututtuka. Baba ya ce an gama tun kafin harshensa ya shawarci bayansa. Tandar ashirin da huɗu take ɗauka a zubi ɗaya, bayan kuwa ba na da ba ne. Shi ya kai shi wajen mai ƙanƙara.

Ranar Alhamis da sassafe ya kwaso kwalayensa ta lungu, ya rufe shago. Abu na farko da ya yi shi ne kunna tanda da tire guda a ciki, don ƙamshi ya fita titi ya yi masa shaida. Na biyu, ya shiga yage leda yana tura ta ƙasan kwandon shara. Ya jera kek a tebur, kowanne tauri kamar dutse.

Kafin ya gama buga kirim, kek ya fara zufa. Ruwa ya tsattsafo a kansu, takardar kofin ta jiƙe tana saki. Ya matsa kirim a kan na farko, ya zame gefe kamar hular mashayi. Ya koma kan curin, ya tsoma su a cakulan mai zafi. Suka yi kyau na minti ɗaya, sannan ya ji ƙas, ƙas, suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya kamar kaushin ƙafa.

Ƙarfe takwas da rabi. Ya buɗe ƙofa ya tsaya. Titin taku goma ne, amma bai taɓa ganin hanya mai nisansa ba.

"Auta."

"Na'am, Baba. Ina kwana? Na zo gaisuwa na tarar a rufe."

"Zo ki ga wani abu."

Ta shiga, ta dubi tebur, ta taɓa kek guda da bayan yatsa. Ta ga bakin leda yana leƙowa daga kwandon shara. Ya jira ta tambaya, ya ma shirya faɗan da zai rufe ta da shi. Ba ta tambaya ba, kuma wannan ya fi mari ciwo.

"Nawa ne ba ka buɗe ba?"

"Kwali biyu," ya faɗa wa ƙasa.

"Kada ka taɓa su. A cikin ledarsu suke hucewa, raɓar ta tsaya a kan leda. Curin ma sai sanyi ya sake su ake tsomawa. Kashe tandar nan, Baba, shagon ya yi zafi kamar kurkuku."

Ya kashe. Ta tsallaka ta dawo da nata ɗari da hamsin da ta fitar daga firiza tun jiya don cinikin yau, masu takarda ruwan ɗorawa. Tana matsa kirim, shi yana miƙo mata, kamar yadda take miƙo masa a da. Babu mai kallon idon wani.

Goma saura kwata motar shugabar makaranta ta tsaya. Ta shigo, ta shaƙi ƙamshi, ta ɗauki guda mai takarda ruwan ɗorawa ta gatsa. Ta lumshe ido.

"Kin ji ko, yarinya? Hannun manya ke nan. Na yau daban ne. Ki bar firizar nan, ki dawo ki koya wajen mahaifinki."

"To, Malama," in ji Auta, ta sunkuyar da kai tana rufe kwali.

Da ya yi shiru da shi ke nan, magana ta wuce. Baba ya dubi ƙeyar 'yarsa.

"Malama, wanda kika ci nata ne. Kwanansa nawa, Auta?"

"Baba..."

"Faɗa mata."

"Tara."

"Tara. Nawa kwana biyar, kuma rabinsu ga su can na lalata da hannuna."

Shugabar ta daina tauna. Ta dubi guntun da ke hannunta, ta dubi uban, ta dubi 'yar. Sannan ta jefa sauran a baki ta ce, "Yarinya, ba ni lambarki."

Kafin azahar duk layin ya ji, don direban makarantar ba kurma ba ne. Auta ta samu cinikin makarantar, da na sauran makarantun da shugabar ke da ƙawaye. Mai ƙanƙara ya ci gaba da cin tirensa a kan rufin asirin da mai shi ya tona da bakinsa. Baba ne ya yi asara: mai shayi ma ya samu bakin tambayarsa ko akwai gawa sabuwa.

Washegari da Auta ta zo gaisuwa, ta miƙe, ta ɗauki kek guda daga tirensa ta ɗanɗana.

"Sukari ya ɗan yi yawa, Baba."

A zubi na gaba ya rage cokali biyu.