Me Ya Kashe Kaka?

Tun da Mama ta faɗi ta karye a ƙugu ban sake samun kwanciyar hankali ba. Da aka sallame ta daga asibiti, yayana Samuel ya kira taron gida a falonsa na Barnawa bayan an tashi daga coci, a yanke inda za ta zauna: wajensa, ko wajena a Unguwar Boro. Komawa ƙauye ba wanda ya kawo zancensa.

A gidanmu babba ke fara magana, saura su ce haka ne. Samuel ya ce ta zauna wajensa, ga ɗaki, ga asibiti kusa. Na ce haka ne. Matata Janet ma ta ce haka ne. Mama tana kan kujera ta zuba wa talabijin ido.

Sai 'yata Vicky ta ɗaga hannu kamar a aji. Ta gama jami'a, tana neman aiki wajen masu ba kamfanoni shawara, kuma duk abin da ta koya sai ta gwada a kanmu. Ko cefane uwarta za ta je sai ta tambaye ta mene ne burin. Na harare ta, ba ta gani ba.

Ta ce akwai yadda ake gwada shawara kafin a bi ta: a ɗauka an riga an bi, abin ya lalace, sai a nemi dalili.

"To, mu ɗauka Kirsimeti ta zo, Kaka ta rasu a gidan nan. Me ya kashe ta?"

Janet ta dafe ƙirji. A gaban tsohuwa, da ranta! Samuel ya miƙe yana tambayata ko tarbiyyar da na ba 'ya'yana ke nan, ya ce 'yar boko ta fita kafin ya manta yau Lahadi ce. Na kama hannun Vicky ina ba shi haƙuri.

"Sake ta, Ishaya," in ji Mama. "Ku bar gawar ta ba da amsa."



Mama ta ce zaman ɗaki ne ya kashe ta. Kowa ya tafi aiki, an kulle ƙofa, babu mai leƙowa ya gaishe ta da yarenmu. A ƙauye kuwa, ko ba ta iya takawa, matan zumuntar coci za su cika mata ɗaki da surutu har sai ta kore su.

Samuel ya koma ya zauna. A hankali ya tambaye ta, in ta sake faɗuwa a can fa?

"Sai in faɗi a gida."

Samuel ya juyo gare ni, ya tambaya ko na san mai motar da kujerar gabanta ke kwantawa, wanda zai kai Mama ƙauye.