Ɗigon Ya Faɗa Ƙofar Atika

Rahma ta yi shekara tara tana suyar dubulan da alkaki na biki a unguwar Zariya, sunanta ya kai har garin Jiratawa. Matsalarta ɗaya ce, lungunsu matsattse ne. Duk sanda ta tura wa mai saye wurin da take ta wayar salula, ɗigon taswira sai ya tsallake katanga ya sauka ƙofar maƙwabciyarta Atika. Mita goma sha biyar kacal, amma sun isa.

Atika kuwa, kai, Allah ya yi mace marar kunya! Baƙo ya yi sallama ya ce, "Nan ne gidan Rahma?" sai ta washe baki ta ce, "Bismillah, ku shigo." Ta sayar masa da nata, wanda ta soya da man da ya kwana uku a kasko.

Rahma ba ta farga ba sai ran da wata Tsahara ta kira daga garin Tsibiri, tana huci.

"Ke Rahma, mi na yi miki? Dubulan ɗin da na amsa hannunki ya kunyata ni gaban dangin mijin ɗiyata. Tura mini wurin, yanzu ina tahe!"

Rahma ba ta taɓa ganin matar ba. Nan ta gane komai, ranta ya yi baƙi ƙirin. Da ta yi bayani da an wuce wurin, amma so take Atika ta ɗanɗana. Ta tura ɗigon yadda yake, ta laɓe bayan ƙofa tana leƙe.

Bayan la'asar baburan kabu-kabu huɗu suka tsaya ƙofar Atika. Tsahara na ganin fuskarta ta juye mata kwanon dubulan a ƙafa. Rahma ta toshe baki don daɗi.

Sai Tsahara ta ɗaga murya yadda duk lungun zai ji: "Jama'a, ku shaida! Rahma mai dubulan maha'inciya ce! Kowa na Tsibiri ya riga ya ji, kada wanda ya ƙara sayen kayanta!"

Rahma ta sauke hannu daga bakinta. Ta zuba ido, tana jiran Atika ta musa, ta faɗi ko ita wace ce.

Atika ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya. Rahma ta tuba."