Abin da Ke Ƙugun Mika'ilu

Labaran ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin ɗan sanda a Kano, bindiga a kafaɗa, kafin ya ajiye kaki ya zo Dubai gadin wani sito a Jebel Ali. A nan kuwa rediyon hannu da tocila kawai aka damƙa masa. Abin bai taɓa damunsa ba sai da Mika'ilu ya zo.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Labaran yakan nufi unguwar Al Ras, ya hau wani tsohon bene zuwa hawa na uku, inda Asama'u ke sayar da abinci a fulat ɗinta. Bazawara ce 'yar Gwammaja, hannunta da daɗi, bakinta da kaifi. Babu allo a ƙofar, babu lasisi, kowa ya sani kuma kowa ya kama bakinsa. Dokarta ɗaya ce, tana maimaita wa duk baƙo: abin da zai jawo mata hukuma a bar shi a ƙasan bene. Shekara biyu ke nan Labaran yana sonta, yana hauro mata da tukunyar gas, yana gyara mata famfo, amma ya kasa yi mata maganar aure. Namijin da ya taɓa korar 'yan fashi a hanyar Zariya, sai ga shi in ta kalle shi yana neman inda zai sa hannunsa.

Mika'ilu daga Amurka ya zo, dillalin motoci ne a Texas, yana son ya riƙa turo kaya ta Dubai. Ga ƙiba, ga ƙamshin turare, ga baki. Tun ranar farko ya mallake falon.

"Can fa," in ji shi, "bindigarka a ƙugu za ka shiga gidan abinci, ka ci, ka sha, ka fito. Sai dai in mai wurin ya liƙa takarda a ƙofa cewa ba ya so. To shi ke nan, sai ka bar ta a mota."

Ya zaro waya ya nuna hotonsa zaune a gaban gasasshen nama, bindiga ƙarara a gefensa. Wayar ta zagaya hannu-hannu, 'yan kasuwa baki sake, har Asama'u ta goge hannu a zani ta karɓa.

"Kai, Alhaji! Ba ka jin tsoro?"

Labaran ya ture kwanon tuwonsa gefe. Shi da ya kwana da bindiga ya tashi da ita, ba a taɓa tambayarsa ko yana jin tsoro ba. Kishi ne ya kama shi, irin mai hana mutum jin ɗanɗanon miya.

Juma'a ta gaba abin ya ƙaru. Kowa tuwon shinkafa aka zuba masa, Mika'ilu kuwa aka kawo masa faten acca a kwano na daban, kuma ita da kanta ta kawo. Juma'a ta uku har da tambaya a hankali, "Ya jikin dai?" Labaran ya zuba wa mutumin ido irin na aiki, sai ya lura da wani tudu a ƙugunsa na dama, ƙarƙashin riga. Ya kuma lura yana yawan kai hannu wurin, yana shafawa kafin ya fara cin abinci. Ai Labaran ya san wannan shafar, shi ma ya yi ta.

Da zuciya ɗaya ce, da sai ya ja shi gefe ya ce, malam, nan ba Texas ba ce, harsashi ɗaya ma sai ya kai mutum kurkuku. Amma ba gyara yake nema ba. So yake Asama'u ta ga an tasa ƙeyar gwanin nata, ta kuma san wanda ya karya mata doka. Ya ce zai sauka ya amsa waya, ya tsaya a gefen wani shagon kayan yaji, ya buga wa 'yan sanda da guntun Larabcinsa. Ya ce akwai wani mai farar riga da bindiga a ƙugu, ya faɗi lambar bene da hawa, ya koma ya zauna a kan tuwonsa kamar ba shi ba.

Ko rabin awa ba a yi ba suka ƙwanƙwasa, su huɗu. Suka nemi mai farar riga, wato Mika'ilu, ya miƙe ya ɗaga hannu, ɗayansu ya ɗage masa rigar a hankali.

Wata 'yar na'ura ce kamar akwatin ashana, da siririn bututu da ya shige fatar cikinsa. Ta masu ciwon sukari ce, ita ke tura masa magani. Mika'ilu ya tsaya tumbi a waje a gaban mutum ashirin, duk bakin nan ya mutu. Babban 'yan sandan ya ba shi haƙuri da ladabi, ya sauke masa rigar. Har sun juya, sai ya tsaya ya dubi kwanukan da ke ƙasa, ya leƙa kicin ya ga manyan tukwane uku a kan wuta.

"Waye mai wurin nan? Ina lasisi?"

A nan ne Labaran ya gane kuskurensa. Ya yi lissafin komai, ya manta da tukwane.

Aka rufe wurin a ranar. Mai benen ya ba Asama'u mako guda ta tashi. Cikin makon nan Mika'ilu ne ya ajiye harkar motocinsa yana bin ofisoshi da ita, shi ne mai Turanci, shi ne mai lauya. Har ya fara maganar kama mata ɗan shago a unguwar Satwa da takardu cikakku.

Ranar kwashe kaya Labaran ya zo taya ta, don bai san yadda zai ƙi zuwa ba. Ya tarar da ita zaune a kan buhun shinkafa, idanunta sun yi ja. Mika'ilu ya sauka da kwali ɗaya, suka rage su biyu.

"Yaya Mika'ilu ya ce wai daga cikin masu cin abincina ne aka buga wayar," in ji ta. Labaran ya ji wannan "Yaya" har tsakar kansa, don da can "Alhaji" take ce masa. "Na kasa yarda. Ba wanda na taɓa hana wa ƙarin miya a ɗakin nan."

Ya sunkuya yana ɗaure bakin wani buhu da tuni a ɗaure yake.

"Malam Labaran, duk garin nan kai kaɗai na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Kai ka yi aikin ɗan sanda, ka san yadda ake gano mutum." Ta share ido da gefen mayafi. "Don Allah ka binciko min ko waye. Ba abin da zan yi masa. So nake kawai in tambaye shi me na yi masa."

Labaran ya ce to.