Ƙahon Goggo Kulu

Ni wanzami ne, sunana Kamilu. Zabirar da nake ratayawa ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, da askarsa da ƙahonninsa huɗu da suka yi baƙi don tsufa. A Mandera nake zaune tare da Goggo Kulu, ƙanwarsa, wadda ta rene ni tun ina rarrafe.

Damina ta yi nisa aka kira ni Danchadi. Wani manomin albasa, Na'Allah, kwanansa huɗu da zazzaɓi, ya ce ƙasusuwansa kamar ana dakawa a turmi, bayan idonsa na sara. Ƙaho yake so. Na kafa masa biyu a baya, na yi tsaga kamar kullum. Da na cire, jini ya ƙi tsayawa. Na danna auduga, na danna zane, yana dai tsiyaya kamar randa mai tsaga. A babur muka kai shi asibiti a Boɗinga, ina bayansa ina riƙe da wurin.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu, Malama Firdausi, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Bayan an gwada jininsa ta zaunar da ni a benci. Ta ce ba zazzaɓin cizon sauron da muka saba ba ne, wannan dengi ake ce masa. Wani sauro ne baƙi mai zanen fari ke kawo shi, da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta yake ƙwai: randa a buɗe, gwangwani, tsohuwar taya. Ta ce yana hana jini daskarewa, don haka ba a tsaga mai shi, ba a ba shi asfirin da dangoginta, sai farasitamol da ruwa mai yawa.

"Kuma ranar da zafin jiki ya sauka, ranar za ka fi sa ido," in ji ta.

Na'Allah ya tashi bayan mako guda. Ni kuwa na daɗe ban buɗe zabira ba.

Kwana goma bayan haka Goggo ta kwanta. Ciwo iri ɗaya, har saran bayan ido. Na ce mu tafi asibiti, ta ce ƙafarta ba ta taka can. A rana ta uku ta kira ni, ta juya mini baya, ta sassauta zanenta.

"Ɗauko kayanka. Mataccen jini na, ka fidda min shi in huta."

"Goggo, wanga ciwo ba a yi mai ƙaho."

"Wa ya ce?"

"Malamar asibiti."

"To. Ashe yanzu ita ka riƙe da zabirar ubanka." Ta yi tari. "Shekara talatin yana min ƙaho duk damina, ban mutu ba. Kai da na wanke ma kashi, kai za ka gaya min abin da jikina ka so?"

Na zauna bakin ƙofa. Ban taɓa ce mata a'a ba tunda na yi wayo. Na dama mata kunu, na haɗa ruwan gishiri da sukari, ta kau da kai. Sai da na ajiye na fita sannan na ji tana sha.

Washegari ta aika garin Shagari a kira mata Salisu wanzami, abokin mahaifina. Da hantsi ya iso a kan kekensa. Na tare shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan Malam, an ce hannunka ya fara rawa," ya ce yana dariya. "Ko aure kake so ne, aska ta yi maka nauyi?"

Na ba shi labarin Na'Allah tun daga farko, ban rage komai ba, har zanen da ya jiƙe. Dariyar ta tafi. Ya daɗe yana murza gemu.

"Ni ban san wani dengi ba," ya ce. "Amma gidan ga gidan wanzami na. Ba ni sa aska gidan wanzami sai da yardar mai zabira. Ka yarda?"

"Baba, ban yarda ba."

Ya shiga ya gaishe ta, ya yi mata addu'a, ya hau kekensa. Ranar Goggo ba ta ƙara yi mini magana ba. Idan na shiga sai ta juya fuska wajen bango.

A rana ta biyar zazzaɓi ya sauka. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya, don dai in gani. Na bi ta da ido. Kafin azahar ta dafe ciki ta zauna a kan turmi, ta yi amai sau biyu. Da ta cire asuwaki daga bakinta sai na ga ya yi ja. Ban tambaye ta ba wannan karon. Na kira mai babur ya kai mu asibiti, na ɗauke ta cak, ba ta fi damin gero nauyi ba.

Kwana uku ana ƙara mata ruwa. Ina zaune a bencin nan da na zauna ranar Na'Allah. Malama Firdausi ta duba bayan Goggo, ta ga babu sabuwar tsaga, ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Da muka dawo gida na hau rufin ɗakin Goggo. Tayoyi biyar ne a kai, mahaifina ya jera su don kada iska ta yaye kwano. Kowace cike da ruwan sama, 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki. Shekara nawa ina kwana ƙarƙashinsu ban taɓa leƙawa ba. Na zubar, na sauko da su, na hau da duwatsu. Na rufe randuna, na kife tsohon kaskon kaji. Bayana ya riƙe, na zauna a inuwa ina haki.

Goggo na kan tabarma tana kallona, ta rame, idanu sun faɗa.

"Duwatsun ga ba su riƙe kwano kamar taya," ta ce.

"Zan ƙara wasu."

Can ta tura mini kwanon furarta da ƙafa.

"Sha. Ka yi baƙi kamar ƙahon ubanka."

Na ɗauka na sha.