Tokar da Ta Tsare Raki

Kwana huɗu Raki tana jan akwati daga unguwar Rusholme zuwa filin jirgin Manchester tana dawowa. Dutse ne ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta bazu a sama, aka dakatar da jirage. Mahaifiyarta kuwa tana kwance a asibiti a Kano.

Da ta ji ana raɗe-raɗin za a buɗe na Birmingham, sai ta tafi gidan yayanta Sanda, injiniya da ke unguwar Small Heath a garin. Filin jirgin can ma a rufe yake.

"Yaya, sama fa garau take. Ina tokar?"

"Ba a ganinta daga ƙasa. Kamar niƙaƙƙen gilashi take, in ta shiga injin jirgi sai ta narke ta toshe shi. Gara delay ɗin nan."

Ta zauna a kan akwatin, ko takalmi ba ta cire ba.

Da la'asar ƙanwarsu ta kira daga asibitin, ta kara wa Inna wayar. Da ƙyar muryar take fita.

"Kin ci abinci?"

Raki ta ce ta ci, alhali tun safe ruwa kawai ta sha.

Sai ranar Laraba ta samu jirgi. Da ta isa Kano, ta tarar Inna ta fara zama da kanta.