Motar Da Ke Cin Gaisuwa

Jiya wani mafarki na yi, kuma ba da dare ba, da rana tsaka bayan azahar, Walida tana kwance a ƙirjina. Amma bari in fara ba ku labarin da ya fi mafarkin daɗi: mun yi mota. Ranar Talata Baban Walida ya shigo da ita. Ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya. 'Yar ƙarama ce, shuɗiya, in kin hango ta daga nesa sai ki ce bahon wankan jarirai ne aka sa wa taya, amma dai tamu ce. Ya ce in ta cika tana yin kilomita ɗari biyu da hamsin. Sau tara ya faɗa min, har da wanda ya faɗa cikin barci.

Jibi Asabar za mu fita yawon arba'in, a zaga da Walida gidajen dangi kowa ya gan ta. Ni na rubuta gidajen da hannuna, goma sha huɗu. Na farko gidan Yaya Murja, 'yar wan babana, wadda ta taɓa cewa a gidan biki wai ni da babur aka ɗaura wa aure. Na ƙarshe gidan Iya Kande, kakata, can Rafin Kuka, don ita ce ta fi nisa. Sunanta yarinyar ta ci, muke mata alkunya da Walida. Ba ta zo suna ba, ƙafa ta ƙi, idon ma saura kaɗan ya rufe. Saƙo ɗaya ta aiko, a kawo mata takwararta ta shafa kanta. To jiya motar tun safe tana jone a bango, wuta kuwa ko ƙyallinta ba mu gani ba. A kan wannan tunanin barci ya ɗauke ni.

Sai ga mu a cikin motar. Sitiyarin yana baya, Baban Walida yana tuƙi yana kallon inda muka baro, don a ƙasar mafarkin haka doka ta ce. Gwaggo Lantana, wadda ta yi min wankan jego, tana gaba ta cinye kujera ɗaya da rabi. A allon motar an rubuta 250 da koren rubutu.

Ba mu bar ƙofar gida ba maƙwabciyarmu ta leƙo.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ya yaran? Ya mai jiki? Ya muka ji da zafi?"

Na duba allo, 246.

"Baban Walida, ba mu motsa ba fa, tana raguwa."

"Ai ba hanya take ci ba," ya ce, ko a jikinsa. "Gaisuwa take ci. Duk gaisuwar da ta fita daga bakinmu kilomita ɗaya ce. Hanya kyauta ce. In ta kai sifili kuma sai ta kulle ƙofofi ta mai da mu gida da kanta. Yana cikin littafinta, shafi na bakwai."

"Ka karanta shafi na bakwai, ka kuma ɗauko mana Gwaggo."

"Na yi lissafi."

Mutumin nan da lissafi. Shi ne ya yi lissafin ranar haihuwata, ya tafi Zariya ɗaurin aure, ya dawo ya tarar an yanke cibiya.

Muka isa ƙofar gidan Yaya Murja. Na sha leshi, na kafa ɗauri, amma babu wanda ya fito. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, tafiyar mage take yi. Kajin da ke tsakiyar hanya ma ba su ɗaga kai ba. Wani zakara ne kawai ya kalle mu, ya ga ba wani abin tashi ba ne, ya ci gaba da tono.

"Ka yi mata ƙara mana," na ce.

Ya sauke gilashi ya yi ƙarar inji da bakinsa, har da canjin giya. Sai ga Yaya Murja ta fito tana tafiya a jikin katanga, yadda mutanen can suke yi. Ta zagaya motar sau ɗaya.

"Wannan ce? To ina uwarta?"

"Haka take, Yaya. Ba ta shan mai."

"Ayya. Shi ya sa ta tsumbure."

Ba zan ɓoye muku ba, sau goma sha ɗaya na gaishe ta, don dai ta daɗe a tsaye a jikin motar maƙwabtanta su gani. Gwaggo kuwa ta shige ciki. Ta gai da na gida, ta gai da na tafiya, ta gai da waɗanda suka rasu, ta tambayi lafiyar wata saniya da aka sayar tun bara. Da muka dawo mota, 181.

A kowane gida sai an ba Walida abin arziki. But ɗin motar kuwa, jakar da na tafi da ita asibiti ta fi shi ciki. Sabulu huɗu da turmin atamfa ɗaya suka cika shi. Sauran kaya suka shigo wajenmu. Kuma a ƙasar kaya ma suna da tarbiyya. Buhun gero ya shigo ya ce sannunku, dole aka amsa aka mayar masa. Wata kaza ta zauna kusa da ni ta ɗaura bel, ta tambaye ni ya jego.

"Alhamdu lillahi," na ce a gajarce.

"Ba za ki tambayi nawa yaran ba?"

Na tambaya. Kilomita ɗaya ta tafi a kan 'yan tsaki.

Rana a can a ƙarƙashin ƙasa take, zafin ta tafin ƙafa yake shigowa. Walida ta fara gumi a wuya. Na miƙa hannu na kunna esi. Sai motar ta yi magana, da muryar nas ɗin da ke yi mana awo, mai kallon mutum ta saman tabarau.

"Maman Walida, ko sanyi ko kakarki. Ki zaɓi ɗaya, akwai layi a bayanki."

Na kashe. Na ɗauki faifai ina yi wa yarinya fifita a cikin sabuwar mota. Ci gaba ke nan.

Gida na tara, allon ya koma ja, 38.

"Kar ki damu," in ji mai lissafi. "Akwai wurin caji a gaba."

Wurin cajin a gindin wata tsamiya yake. An kafa allo an rubuta CAJI MAI SAURI. Hawainiya ce ke kula da shi, ta sa hula da biro a kunne. A gabanta wata ƙatuwar tukunya ce cike da lantarki, da ludayi take ɗiba. Layi kuwa har bayan gari: fankoki, dutsen guga, wata tsohuwar rediyo mai tari, da wani firji da ya zo da iyalinsa. Da suka ga goyo suka ce mu wuce gaba, Allah ya saka musu, sun fi wasu mutanen.

"Minti nawa za ta cika?" Baban Walida ya tambaya.

Hawainiyar ta ɗaga ƙafa ɗaya. Muka jira. Wani ya yi aure a layin, aka kai amarya. Sannan ta ajiye ƙafar.

"Talatin."

"Na wace rana?" na ce.

"Wannan kuma sai manaja."

"Ina manajan?"

"Ya tafi cajin wayarsa a wani gari. Nan ba ma samun wuta sosai."

Ta juyo da ido ɗaya ta duba bakin cajin motarmu, ɗaya idon yana kallon firji.

"Bakin motarku na birni ne. Namu na ƙauye ne, ba za su gaisa ba."

Gwaggo ta ce in dai gaisawa ce ita za ta shiga tsakani. Na danne mata gwiwa. A ƙarshe da mazurari aka ɗura mana ludayi guda, rabi ya zube a ƙasa ya zama ƙananan kwaɗi masu haske. Allon ya ƙaru da biyar. Gwaggo ta yi wa hawainiyar sannu da aiki sau shida.

Nan na ga in ban tashi tsaye ba, Iya Kande ba za ta taɓa kan yarinyar nan ba. Saura gida huɗu kafin nata. Na kwance majanyin goyo na ce, "Gwaggo, ki yafe ni," na ɗaure mata baki. Ba ta yi musu ba. Da ido ta ci gaba da gai da mutanen hanya, motar tana cire rabi-rabi. Na juya mata fuska ta kalli buhun gero.

A gidan Kawu Sale ba mu ko sauka ba. Kawun da ya kai ni makaranta a kan kekensa har aji uku. Ya fito da sandarsa yana murmushi, ya ce, "A'a, Zinatu ce? Maraba, maraba." Na ɗaga Walida ta taga ya gani, kamar ana nuna wa ɗan sanda takarda, na sauke ta. Bakina a rufe. Ya tsaya da hannunsa a miƙe. Matarsa ta ce daga bayan ƙyaure, ba ma da ƙarfi ba:

"Sun yi mota."

Maganar ta shigo ta taga ta zauna a cinyata, ta fi buhun geron nauyi. Haka muka yi sauran gidajen uku. A ɗaya na kasa daurewa, a wani Baban Walida ya yi suɓul da baka, ga kaza ba ta san shiru ba. Da muka hau hanyar Rafin Kuka, allon yana nuna 1.

Ɗaya tak. Na riƙe ta a bakina kamar ƙwai. Sallamar Iya ce. In na sauka na yi mata sallama, na ɗora mata yarinya a cinya, motar ta kulle ta tafi duk inda za ta, ta daɗe ba ta tafi ba.

Hanyar tana naɗewa a bayanmu kamar tabarma. Ga kukar garin, ga rijiya, ga zauren. Ga Iya Kande a kan buzunta a bakin ƙofa, ta sa zanenta na saƙi wanda ba ta ɗaurawa sai da dalili. Ta karkata kunne wajen hanya tana jiran ƙarar mota. Ba ta san mun zo ba. Saura taku kamar goma.

Sai wata mata mai tallan gyaɗa, ban taɓa ganinta ba, ta tsaya a gefen hanya ta riƙe haɓa.

"Kai, wannan mota ta yi kyau. Ta wace mai sa'ar ce?"

Tun safe babu wanda ya faɗi haka. Ban san lokacin da na leƙa ta taga ba.

"Tamu ce. Ba ta shan mai. Sannu, ya kasuwa?"

Ƙofofi suka yi ƙaras.

Gwaggo Lantana ta juyo ta kalle ni ta saman majanyin. Kazar ta kau da kai. Baban Walida ya ce, "Wannan ba ta cikin lissafina."

Motar ta fara ja da baya a hankali, tana wani kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na ce wa motar ta ara min ɗaya, rabi ma ya isa, ta ce da muryar nas ɗin nan, "Sai wani zuwan." Na zura Walida ta taga, hannuwana suna ta ƙara tsawo, suna ƙara tsawo, amma zauren ya fi su saurin nisa. Iya ta ji wani abu, ina jin ƙamshin hodar yarinyar ne. Ta ɗaga hannu tana laluben iska, daidai tsayin da kan jariri zai kai, tana shafa wurin da babu kowa.

"Takwara?" ta ce. "Ke ce?"

Ƙit, ƙit, ƙit.

Na buɗe ido. Fankar ɗakinmu ce, mai ƙarar nan da Baban Walida yake cewa zai sa wa mai tun ina da ciki wata huɗu. An kawo wuta. Walida ta jiƙa min gaban riga da yawu. Ta taga na hango motar a tsakar gida, 'yar fitilarta tana ƙiftawa, tana shan cajinta.

Na jawo takardar daga ƙarƙashin filo, na soke sunan Iya Kande daga ƙasa na mai da shi sama. Yaya Murja ta sauko ta goma sha huɗu, in caji ya kai.

Baban Walida ya leƙo ya gani. "Ita ce fa mafi nisa. A lissafi..."

"Da ita za mu fara," na ce. "A can zan zauna in yi gaisuwata har ta ishe ni. Kuma tun daga kukar garin za ka fara danna hon."