Ƙarƙashin Gungumen Baba Mamuda

Malam Maitama malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji a Funtua. A shekarun da sa'o'insa ke neman sarauta ko kujerar kansila, shi abin da yake nema yana ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace. Fumfuna yake bi. Ba ma irin mai tsayawa da ƙafarta kamar laimar kwaɗi ba, wadda kowa zai gani ya nuna. Tasa a shimfiɗe take, manne da cikin gungume kamar kunun da ya zube ya bushe. Abokansa na majalisa suna ce masa Sarkin Juyi, don ba ya wuce gungume bai juya shi ba. Ya karɓi sarautar, tunda ba a yi masa tayin wata ba.

Akwai wani dangi na wannan fumfuna da wata malamar jami'a a Zariya, Dakta Hafsatu, take tattara bayaninsa: su wa da wa ne 'yan dangin, kuma ina kowanne yake a ƙasar nan. Ta zana taswira, duk inda aka samu sai ta sa ɗigo. Ɗigon sun taru a kudu cikin kurmi, suka hauro kaɗan, suka tsaya. Daga nan zuwa arewa fari fat. Maitama ya daɗe yana cewa ba fumfunar ce babu ba, mai durƙusawa ya duba ne babu. Dakta ta ce ta ji, amma taswira ba ta karɓar ra'ayi. Sai dai ya kawo yanki haɗe da itacensa, mai iri a jiki, ta duba a madubin ɗakin bincike. Kuma ya kawo kafin damina ta ɗauke, don a lokacin za ta rufe aikin.

Sai ga shi ya same ta a wurin da ya fi ko'ina wuya: ƙofar gidan surukinsa, a Tsiga.

Gaisuwa ya je yi wa Baba Mamuda, mahaifin matarsa Maijidda. Tsohon yana zaune kan gungumen ɗorawar da yake hira a kai da dattawan unguwa, a inuwar katanga. Maitama ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda ya kamata. Sunkuyon nan ne ya kai idonsa ƙarƙashin gungumen. Tana nan shimfiɗe, launin madara, bakinta da ɗan ja, jikinta da ƙananan ƙayoyi kamar harshen kyanwa. Bai taɓa yi wa surukinsa doguwar gaisuwa irin ta ranar ba. Sai da Baba ya ce, "Malam, ya isa haka, tashi. Allah ya yi albarka." Dattawa suka yi ta yaba ladabin yaron nan, yaron da furfura ta gama cinye gemunsa.

Wuƙarsa tana aljihu. Amma mutum ba ya zaro wuƙa ya hau yankar mazaunin surukinsa, surukin yana kai. Tun da ya auri Maijidda, maganarsa da Baba ba ta taɓa wuce lafiya da ruwan sama ba. Duk abin da ya fi haka ta bakin Maijidda yake bi, daga ita zuwa mahaifiyarta Inna, daga Inna zuwa Baba.

Da ya koma Funtua ya ce, "Ki gaya wa Inna ta gaya wa Baba, ran Asabar zan kawo baƙuwa daga Zariya ta ga gungumen ƙofar gida."

Maijidda ta ajiye tsintsiya. "Gungume? Malam, mutane na kai baƙi su ga gona ko dam, kai wurin zaman tsohona za ka kai ta?"

"Babbar malama ce."

"To, Allah ya ƙara girma. Zan faɗa."

Bai ce kada a taɓa ba. Bai zo masa a rai ba cewa a duniya akwai wanda ya damu da ƙasan gungume in ba shi ba.

Ran Asabar da hantsi suka isa, shi da Dakta da Maijidda. Ya zuba babbar rigarsa ta sallah. Tun daga bakin lungu ya hango ɓarnar. An mirgino gungumen cikin rana. An bi shi da gizago ta kowane gefe, an wanke, ya yi fes kamar sabon turmi, an shimfiɗa masa darduma.

Baba Mamuda ya tarye su da fara'a. Ya dubi Dakta, don ba zai yi wa surukinsa dogon bayani ba. "Hajiya, da na ji takanas za ki taso don gungume, na ce ba za a kunyata Malam a gabanki ba. Ƙasansa duk ƙazanta ne. An kankare tas."

"An gode, Baba," in ji Maitama. Shi kansa ya yi mamakin yadda muryarsa ta fito da ladabi.

Dakta ta leƙa cikin gida ta tambayi inda aka zubar da sassaƙen. Inna ta yi dariya. "Zubarwa? Su na hura wutar tuwonku da su. Da suka sha rana, kamar an zuba musu kananzir."

Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa a zaure. Maitama ya ci. Bai taɓa cin abincin da aka dafa da bincikensa ba, kuma abin haushin shi ne tuwon ya yi daɗi.

Dakta ta wanke hannu ta ce a hankali, "Malam Maitama, ban ƙaryata ka ba. Zan iya rubutawa a ƙasan shafi cewa wani ya ce ya gani a kudancin Katsina."

Wani ya ce. Ya juya maganar a ransa. Gwiwoyinsa sun ƙare a gindin itatuwa daga Danja zuwa Malumfashi, a ce ladansa wani ya ce. Ya dubi gungumen ta ƙofar zaure. Guntu ne, bai fi tsawon mutum ba, ɗorawa kuwa ba gajeriyar bishiya ba ce. Inda aka yanko wannan, akwai saura. Amma in tambayar ta bi ta Maijidda da Inna, kafin amsa ta dawo Dakta ta kai Zariya. Ga hadari yana haɗowa daga gabas.

Ya fita, ya durƙusa gaban surukinsa, sai dai wannan karon ya ɗaga kai.

"Baba, ina sauran ɗorawar nan?"

Wani dattijo ya hau gyaran hularsa da ba ta karkace ba.

"Ashe Malam na da tambaya," in ji Baba Mamuda.

"Ina da ita, Baba. Wannan ƙazantar da aka kankare, ita na kawo baƙuwa ta gani."

Tsohon ya dubi gungumen da ya sa aka wahala a kansa. "Ita? To, da ka faɗa ai." Ya jawo sandarsa. "Sauran na fadama. Shi muka gitta a kan kwari, muna ƙetarawa gonar rake."

Suka ratsa cikin dawa, Baba a gaba. Gadar tana nan, baƙa, ta sha damina, ruwan kwarin ya kusa taɓa cikinta. Daga sama ba a ganin komai. Sai an shiga.

Maitama ya cire babbar riga. Ya waiga neman inda zai rataye, babu sai laka. Baba ya miƙo hannu ya karɓa, sannan ya juya baya ya tsura wa rake ido kamar yau ya fara ganinsa. Sarkin Juyi ya sauka cikin ruwa daga shi sai singileti da tumbi. Laka ta karɓe takalmi ɗaya, bai nemi ta mayar ba. Ya kwantar da kai har kunnensa ya taɓa ruwa, ya leƙa.

Tana nan, tsawon kamu guda ko fiye, ɗanya shar, da ƙayoyinta.

"Dakta, miƙo ɗan madubin nan mai ƙara girman abu."

Ita ma ta tattare zani ta rusuna daga kan gadar. Ta daɗe tana duba yankin farko da ya miƙo mata. "Ƙara yankowa," ta ce, "ka haɗo da itacen sosai." Ya yanka, yayyafi na sauka a ƙeyarsa.

Cikin makon nan ta bugo waya. Akwai iri, kuma 'yar dangin ce, babu shakka. Ta sa ɗigo a Tsiga, shi kaɗai a tsakiyar farin nan, can sama da 'yan'uwansa. Ya ce ta maimaita, wai layi ba kyau.

Da yamma Maijidda ta zo da saƙo. "Inna ta ce Baba ya ce an mayar da gungume inuwarsa, an hana kowa shara a ƙarƙashi. Ya ce in kana son wani abu game da shi, ka zo da bakinka, shi ya gaji da sassaƙa."

"Ki ce wa Inna ta ce masa na gode."

Ta tsaya tana dubansa.

Ya miƙe ya shiga neman takalmi.